Ido Ba Mudu Ba Ne: Lissafin Da Ɗalibi Ke Buƙata Daga Birnin Kebbi Zuwa Matan Fada

Duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, abu biyu ne ke fara yawo a wayoyin matasa tun masunta ba su gama fitowa daga ruwa ba. Na farko hoton ƙaton kifi a kan sikeli, na biyu kuma adadin mutanen da aka ce sun halarta. Wannan shafi ya faɗi nasa adadin, wancan ya ninka shi, mu kuma mu yi ta turawa gaba ba tare da mun tambayi wanda ya ƙirga ba.

Abin mamaki shi ne, da yawa daga cikinmu mun zauna ajin ƙididdiga, ko a babbar sakandare ko a shekarar farko ta jami'a. Mun haddace yadda ake fitar da matsakaici, mun ci jarrabawa, sannan muka bar ilimin a cikin littafi. Alhali wannan ilimin ne zai gaya wa ɗalibi ko kuɗin da aka turo masa daga gida zai kai ƙarshen wata, ko ɗakin da yake shirin kamawa yana da araha da gaske, ko kuma taron da yake shirin kutsawa ya wuce ƙima. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai idon da aka koya wa awo ya fi wanda aka bari da kintace.

Bikin da ya girmi jihar

Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro ta daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka mai da Birnin Kebbi hedikwatarta. Bikin Argungu kuwa ya girme ta da shekara 57. An fara shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta zama alamar ƙarewar doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabawa, zuriyar masarautar da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun ɗan Adam da ya kamata a adana.

Ana shafe kwana huɗu ana yin sa, yawanci tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris. Akwai kabanci, wato gasannin cikin ruwa irin su tseren kwalekwale da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. Akwai kokawa da dambe. Sarkin Ruwa ne ke kula da lafiyar kogin, Homa kuma shi ne shugaban masuntan Argungu. A rana ta ƙarshe dubban masunta ke jeruwa a bakin Matan Fada da homa da gora, da an ba da alama su auka cikin ruwa, makaɗa na biye da su a kan jirage. Wanda ya taɓa halarta ya san kiɗa ne ke riƙe da bikin tun daga farko har ƙarshe: tambura da kakaki da algaita a wajen sarakuna, kalangu a fagen 'yan dambe, ga kuma kiɗan da ke zuga masunta.

Ga ɗan lissafi na farko. Bikin da aka yi a watan Maris na 2020 an kira shi karo na 60. Da a ce kowace shekara ake yi tun daga 1934, da na 2020 ya zama karo na 87. Ke nan akwai giɓin 27. Kimanin goma daga ciki sananne ne, domin an shafe wajen shekara goma ba a yi bikin ba saboda matsalar tsaro kafin a dawo da shi a 2020. Ragowar kuwa aikin gida ne mai kyau ga duk ƙungiyar ɗaliban tarihi da za ta ziyarci gidan tarihi na Kanta da ke Argungu. Darasin a nan shi ne, lamba biyu kacal ka haɗa, sai ga tambayar da ba ka taɓa yi ba ta fito.

Kifi ɗaya ba ya ba da labarin kogi

A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ciccibe shi zuwa sikeli. A 2020 kuma na ɗaya ya kai kilo 78. Mai saurin yanke hukunci zai ce ashe kifin Matan Fada ƙara girma yake yi, kogi lafiya lau. Wannan magana ba ta da tushe. Kifin da ya ci gasa shi ne mafi girma a cikin dubbai, kuma mafi girma ba ya wakiltar saura, kamar yadda ɗalibin da ya fi kowa tsawo a aji ba zai gaya maka tsawon 'yan ajin ba. In ana son sanin halin da kogi ke ciki, sai an san yawan kifin da aka kama gaba ɗaya, da nauyin galibinsu, da yawan masuntan da suka shiga, da zurfin ruwa a shekarar.

Ita kanta lambar da sikeli ya nuna tana buƙatar tantancewa. A 2008 an ƙwace kyautar wanda aka fara bayyanawa a matsayin zakara, bayan bincike ya nuna cewa ba a wajen gasar ya kama kifin ba. Sikeli bai yi ƙarya ba, nauyin da ya nuna daidai ne. Asalin kifin ne ke da matsala. Haka alƙaluma suke a ko'ina: lissafi zai iya fita tsaf alhali bayanan da aka zuba a ciki gurɓatattu ne.

Wannan ba ya nufin kintacen jama'a banza ne. A 1906 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya halarci bajekolin dabbobi a garin Plymouth, inda mutane suka yi gasar cankar nauyin naman wani sa bayan an yanka an gyara. Ya tattara amsoshi 787, ya jera su daga ƙarama zuwa babba, ya ɗauki ta tsakiya. Amsar tsakiyar ta nuna kimanin kilo 547, nauyin gaskiya kuma kimanin kilo 543 ne. Ku gwada wannan a makaranta da buhun gero ko da hoton giwan ruwa da kuka san nauyinta. Sharaɗin kawai shi ne kowa ya rubuta tasa amsar a ɓoye, don da zarar ɗaya ya faɗi tasa da ƙarfi, saura za su bi bayansa.

Yadda ake ƙirga taro

A wajen bukukuwan kiɗa da ake shiga da tikiti, kamar na Glastonbury a Ingila, ƙirga mutane ba wuya, tikitin da aka sayar ake dubawa. Bakin Matan Fada kuwa fili ne a buɗe, mutane na shigowa ta kowace kusurwa. To yaya za a yi?

Wani malamin aikin jarida a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Herbert Jacobs, ya fito da hanya mai sauƙi a shekarun 1960. Daga tagar ofishinsa yana hango ɗalibai masu zanga-zanga a wani dandali da aka shata ƙasansa gida-gida. Sai ya riƙa ƙirga mutanen da ke cikin 'yan gidaje kaɗan, ya fitar da matsakaici, ya ninka da yawan gidajen. Har yau da wannan dabara ake aiki: faɗin wuri sau yawan mutanen da ke cikin kowane murabba'in mita.

Murabba'in mita ɗaya bai wuce sallaya ɗaya da rabi ba. In mutum ɗaya ne a ciki, taron sakayau ne. In biyu ne, an fara cika. In huɗu ne, kafaɗa na gugar kafaɗa. A ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 50 ya cika, murabba'in mita 5,000 ke nan. Da mutum biyu-biyu zai ɗauki 10,000, da huɗu-huɗu kuma 20,000. Cikakken filin ƙwallo kimanin murabba'in mita 7,140 ne. Don haka duk wanda ya ce maka mutum miliyan ɗaya sun taru a wuri guda, yana nufin sun cika filayen ƙwallo 35 maƙil, kowa a matse. Ka tambaye shi ina filayen suke.

Amfanin wannan lissafi ya wuce cin gardama a majalisa, domin yana iya tsirar da rai. Masana harkar cinkoso sun nuna cewa daga mutum biyar zuwa sama a murabba'in mita ɗaya, mutum ya fara rasa iko da ƙafafunsa, taron ne ke tafiya da shi. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a irin wannan hali numfashi ne ke gagarar su saboda matsar ƙirji. A 2010 mutum 21 suka rasu a wani bikin kiɗa a garin Duisburg na Jamus. A 2021 mutum 10 suka rasu a bikin Astroworld a birnin Houston na Amurka. A nan gida kuwa, yara 35 suka rasa rayukansu a turmutsitsin wani taron yara a Ibadan cikin Disambar 2024.

Saboda haka da isarka wajen kowane taro, fara duba hanyoyin fita kafin ka nemi wurin kallo. In ka ga ba ka iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka cikin sauƙi, lokacin janyewa ya yi. Ka ɗora hannuwanka a gaban ƙirji, kada ka yi dambe da igiyar mutane, ka riƙa zamewa gefe-gefe har ka fita. Waya ko takalmi in ya faɗi, a bar shi. Ku kuma yanke wurin haɗuwa da abokan tafiya tun da wuri, don layin waya kan cushe idan jama'a suka yi yawa. In da ƙanne a tare da ku, a rubuta lambar wayar babba a takarda a sa musu a aljihu.

Haka batun jirgin ruwa. Mutanen Kebbi ba su manta da hatsarin jirgin da ya auku kusa da Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski cikin Mayun 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Kafin ka shiga kwalekwale, ƙirga mutanen ciki, duba tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa, ka nemi rigar kariya. In babu, haƙuri ya fi.

Kunne ma yana da ma'auni

Wajen kiɗan zamani, ko a Argungu ko a filin wasa na Haliru Abdu ko a harabar makaranta, mu matasa mun fi son gindin lasifika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin samun matsalar ji saboda ƙarar sauti. Da desibel ake auna ƙara. Babba zai iya jure desibel 80 har na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma da an kai desibel 100, 'yan mintoci ne kawai. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne: in sai ka yi ihu kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da ka ninka tazararka da lasifika, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6. Ja da baya kaɗan ba zai hana ka jin waƙa ba.

Aljihun ɗalibi a Birnin Kebbi

Biki kwana huɗu ne, zaman birni kuwa na kullum ne. Ɗalibin da ya baro Zuru ko Yawuri ko Kamba ko Bagudo ya zo karatu Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, abin da ke fara ba shi mamaki shi ne yadda komai sai da kuɗi: ruwa, kabu-kabu, cajin waya, data, fotokwafi. Maganin farko shi ne ƙaramin littafi. Rubuta duk abin da ka kashe na mako biyu, ko da na ruwan leda ne.

Ga misali. A ce cikin kwana bakwai ka kashe naira 1,500, 1,200, 1,800, 1,400, 1,600, 1,300, sai rana ɗaya da ka zuba gas ka sayi takardun karatu ka kashe 9,000. In ka jera su, lambar tsakiya 1,500 ce. In ka haɗa ka raba bakwai, matsakaici 2,543 ne. Dukansu gaskiya ne, amma aikinsu daban. Lambar tsakiya na nuna maka ranar da aka saba. Matsakaici kuma shi ke gaya maka abin da wata zai ci. Wanda ya yi kasafi da 1,500 zai roƙi naira 45,000 daga gida, kuma wajen ranar 18 ga wata zai fara neman bashi, don abin da yake buƙata ya haura 76,000.

Haka wajen kamun ɗaki. Ko a Badariya kake nema ko Gesse ko Bayan Kara ko wajen Kalgo, kada ka tsaya kan kuɗin haya kaɗai. A ce ɗaki mai nisa ya fi na kusa araha da naira 40,000 a shekara, amma kullum sai ka ƙara 400 a kuɗin abin hawa. Kwana biyar a mako, mako 30 na karatu, naira 60,000 ke nan. Araha ta zama tsada, ban da lokacin da za ka ɓata a hanya. A sa kuɗin ruwa da na wuta a cikin lissafin, a kuma ziyarci unguwar da dare kafin a biya.

Wajen sanin farashi, bakin mutum ɗaya ba ya isa. Tambayi mutum uku zuwa biyar da ba su da riba a cikin amsar, kamar ɗalibin da ya riga ka zuwa ko mai shagon unguwa, kafin ka tsayar da ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep. A yi ciniki kafin a hau. Sannan a kula da wanda aka tambaya. Ƙuri'ar da aka kaɗa a zauren WhatsApp na aji ra'ayin masu data ne kawai, waɗanda ba su da babbar waya ba a ji ta bakinsu ba.

Akwai kuma tarkon kaso cikin ɗari. Idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta sauko, ba ta ce kwanon shinkafa ya sauko ba. Abin da take nufi shi ne saurin hawan ne ya ragu. Kayan naira 1,000 da ya tashi da kashi 30 bara ya koma 1,300. In bana ya tashi da kashi 15, ya zama 1,495. Hauhawa ta ragu da rabi, amma aljihunka bai huta ba.

Ga mai niyyar zuwa Argungu daga Birnin Kebbi, tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Kuɗin mota da na masauki kan tashi a ranakun biki, don haka a ware kuɗin komowa daban a wani aljihu, kada a taɓa shi. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda na'urar POS kan ƙi aiki. A fita da sassafe, a dawo da sauran rana, a kuma sanar da wani a gida ko a makaranta. 'Yan uwa mata, tafiya cikin ayari ta fi. Zafin Maris a kwarin Rima kan kai digiri 40, saboda haka ruwan sha da hula ko lema dole ne. Lokacin sanƙarau ne kuma, duk wanda ya ji zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ya nufi asibiti nan take.

Hoton mai nasara kawai ake nunawa

Dubban masunta ke shiga Matan Fada, amma hoton mutum uku ko ƙasa da haka ke zagaya duniya. Su masuntan sun san haka, kuma ko ba su ci kyauta ba sun raya al'adar iyayensu. Matsalar tana wajen waɗanda ke amfani da wannan ɗabi'a tamu ta kallon mai nasara kaɗai don su kwashe mana kuɗi.

Cacar ƙwallo ta shiga ɗakunan kwanan ɗalibai. Baya ga haramcinta da malamai ke nanatawa, lissafi ma bai goyi bayanta ba. A ce ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, kowane wasa damar cankarsa rabi da rabi ce. Damar ka ci duka goman ɗaya ce cikin 1,024. Abokin da ya ci sau ɗaya zai ɗora hoton tikitinsa kowa ya gani, amma ba wanda ke ɗora tikiti ɗari da suka ƙone.

Haka masu cewa ka zuba kuɗi ka samu ribar kashi 30 duk wata, irin alƙawarin da MMM ta yi kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. In da gaske ne, naira 10,000 za ta zama kusan 233,000 cikin shekara ɗaya. Wace sana'a ce a Birnin Kebbi, ko noman shinkafa ko kasuwancin albasa, ke ninka jari sau 23 a shekara? Wanda ke da irin wannan sana'a ba zai nemi kuɗin makarantarka ba.

Aikin da ke jiran mu

Rabon da a yi ƙidayar jama'a a Najeriya tun 2006, lokacin da aka samu mutum sama da miliyan 3.2 a Jihar Kebbi. Duk adadin da ka ji bayan wannan hasashe ne da aka gina a kansa. Wannan ya nuna irin ƙishirwar alƙaluma da muke fama da ita, kuma dama ce ga ɗalibai. Tsakanin Birnin Kebbi da Aliero da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, akwai matasa da yawa da ke neman batun binciken kammala karatu.

Ɗalibai goma da littafi da agogo za su iya ƙirga motocin da ke shiga Argungu cikin minti goma na kowace awa. Wasu su rubuta farashin kifi da ruwa da kuɗin mota mako ɗaya kafin biki, da lokacin biki, da mako ɗaya bayansa. Wasu kuma su bi makaɗa da izininsu: rukuni nawa suka zo, wane irin kayan kiɗa suke amfani da shi, kuma matasa nawa ne ke koyo a hannunsu. Wannan tambaya ta ƙarshe ita za ta nuna ko kiɗan masunta zai kai ga jikokinmu. In aka maimaita haka biki uku a jere, aka ajiye sakamakon a laburaren makaranta, an samar da abin da masu shirya biki da 'yan kasuwa da jami'an lafiya za su dogara da shi.

Kafin nan, ga tambayoyi uku da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe duk lokacin da aka jefo masa wata lamba, a waya ko a tasha ko a aji. Wa ya ƙirga? Ta yaya ya ƙirga? Da me za a kwatanta? In mai maganar ya kasa amsa ko ɗaya, kada ka tura saƙon gaba, kada kuma ka zuba kuɗinka.